Mai Awa Takwas

Aikina tsara gari ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yi a ofishin wata ƙaramar hukuma a jihar Maryland, amma har yau in na faɗa wa Bahaushe haka sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, sannu Injiniya." Na gaji da gyarawa. Ba na gina gada, ba na zuba kwalta. Ni ne dai mutumin nan da ke zama a gaban taswira yana cewa nan hanya za ta bi, nan ruwan sama zai gangara, nan kuma kada wanda ya kuskura ya sa gini.

Masu irin aikinmu muna da takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba irin wadda za ka kai gida ka rataye a bango ka manta da ita ba ce. Duk shekara biyu sai ka nuna ka ƙaro ilimi na wasu awanni, ko ta halartar taro ko ta zaman kwas. In ba ka cika ba, a dakatar da ita. Kujerar da nake kai a ofis kuwa da wannan takarda aka ba ni ita, kuma in ta tafi, tare za su tafi.

A shekarar da nake ba da labari komai ya cakuɗe mini. Matata ta haihu, mahaifiyata ta kwanta asibiti a Zariya har na je gida sau biyu. Da na buɗe kwamfuta a watan Yuni don in ga inda nake, sai na tarar saura awa takwas, kuma ranar ƙarshe ta Disamba za a rufe. Wata abokiyar aikina ce ta ce mini ai ba sai na nemi kwas ba, aikin sa-kai ma ana lissafa shi. Ka taimaki wata ƙungiya da iliminka kyauta, shugabanta ya sa hannu a fom cewa ka yi, ka kawo wa shugabar ofishinmu ta gani, shi ke nan. Iyakar abin da ake karɓa ta wannan hanya awa takwas ne, daidai abin da nake nema.

Nan take na tuna da filin maƙabarta. Ƙungiyarmu ta Hausawan wannan yanki ta samu wani fili can gaba da Fort Washington, shekara biyu yana kwance, saboda hukuma ba za ta ba da izinin binne kowa ba sai an kai mata cikakken tsarin wurin, kuma babu wanda ya san ta inda ake farawa. Kafin nan, wanda ya rasu ko a sa shi a jirgi a kai gida, ko a roƙi gurbi a maƙabartar wasu mai nisa. Na ce a raina banza ta faɗi. In zana musu taswira a Asabar biyu, in karɓi sa hannu, kowa ya huta. Na ma yaba wa kaina da wayo.

Shugaban ƙungiyar wani dattijo ne Bakano da muke kira Baba Likita. Ya yi shekara talatin yana aikin asibiti a nan kafin ya yi ritaya, kuma tun da ya ajiye aiki duk gawar da aka yi a cikinmu shi ke wankewa. Mutum ne mai faɗar magana yadda take. Ko abincinki ya yi gishiri zai faɗa miki, sannan ya sa albarka.

Ranar Asabar na buga fom ɗin, na ninke shi huɗu, na sa a aljihun kaftanina, na tafi gidansa a Mitchellville. Na cire takalmi, na durƙusa, muka gaisa har da tambayar jikin tsohuwa da kwanan jariri. Akwai baƙi biyu a falon, ɗayansu wani direban babbar mota ne mutumin Maraɗi, mai yawan raha, wanda ba ya fashin taronmu.

Na ce, "Baba, na ji maganar filin nan. Irin aikin da nake yi ke nan a ofis. In an yarda, zan zana tsarin, in bi shi har a samu izini, ba sai an biya ni ba."

Abin da ke bakina na gaba shi ne, "sai dai akwai wata 'yar takarda." Har hannuna ya kama hanyar aljihu. Sai na ga Baba ya cire tabarau, ya ajiye a kan gwiwarsa, idonsa ya ciko.

Ya ce, "Allahu akbar. Shekara biyu ina roƙon Allah Ya kawo mana wanda ya san kan abin nan kafin a ɗauke ni a akwati. Ashe kana cikinmu. Jama'a, ku ɗaga hannu."

Suka ɗaga. Ni ma na ɗaga, da hannun nan da ya tafi ɗauko fom. Baba ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa mini, ya roƙa wa iyayena, ya roƙa wa jaririn da ko zama bai fara ba, aka shafa fatiha. To, wanda ya tashi a cikin Hausawa ya san abin da ya faru a nan. Aikin da aka shafa wa fatiha ya tashi daga hannunka, ya zama na Allah. Ba ka isa ka sauke hannu daga fuska ka ce a sa maka hannu a takarda ba. Na sha shayina, na yi sallama, na fito da fom ɗina kamar yadda na shiga da shi.

Matata ta tambaye ni ko an sa hannu. Na ce ai ba a fara aikin ba tukuna, sai an gama. Ta dube ni irin kallon da take yi wa yara in sun ce sun yi burushi.

Allura kuwa ta tono garma. Asabar biyun da na ƙiyasta suka zama wata huɗu. Ranar farko da na taka filin na nutse har idon sawu, domin kashi ɗaya cikin uku na wurin ruwa ne ke kwance a ƙarƙashinsa, ga wani rafi da doka ta ce sai an ba shi tazara. Sai da aka haƙa ramukan gwaji. Sai da na juya layukan kaburbura gaba ɗaya don su dace da alƙibla, wadda a nan take karkata wajen arewa maso gabas, alhali filin shi kuma ya miƙe ta wata fuskar. Sai da na samar wa motar gawa wurin juyawa, na samar wa mutum ɗari wurin ajiye mota ba tare da sun tare wa maƙwabta ƙofa ba. Maƙwabtan su ma sai da muka zauna da su sau uku. Wata tsohuwa a cikinsu ta tambaye ni ko gaskiya ne ba ma sa akwati, ko ruwan rijiyarta zai gurɓace, na zauna na zana mata yadda ruwan ƙasa ke gangarawa a bayan ambulan ɗin wasiƙa har ta gamsu.

Duk Asabar Baba na nan. Yakan zo da sandarsa da takalmin roba, ya riƙe mini bakin igiyar awo, ya yi ta tambaya kamar ɗalibi. In rana ta yi sai mu yi azahar a kan kwali a gindin wata bishiya. Fom ɗin kuma yana tare da ni kullum. Daga aljihun kaftani ya koma na jaket, daga nan ya koma cikin mota, gefensa ya yi baƙi, har na sake buga sabo sau biyu. Kullum in na fito gida sai in ce yau zan faɗa, kullum kuma sai Baba ya riga ni da "Allah Ya saka maka da Aljanna," sai maganar ta koma ciki.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, akwai abin da ya fi kunya riƙe ni. Daɗi nake ji. Ni da a da in an zo taro can baya nake zama kusa da kulolin abinci, sai ga shi ana matsa mini kujera a gaba. Dattawan da ba su san sunana ba suka fara miƙo mini hannu biyu. Na sha wannan romo sosai, ban kuma tambayi kaina ranar biya ba.

A ƙarshen Oktoba hukuma ta ba da izini. Taronmu na wata-wata ranar Lahadin farko ake yi bayan azahar, a wani zaure da muke haya a Hyattsville, maza a gaba, mata a baya, yara suna guje-guje a tsakani suna amsa wa iyayensu da Turanci. Ranar taron Nuwamba zauren ya cika har ƙofa. Baba ya miƙe da takardar izinin a hannunsa, ya ce in tashi tsaye kowa ya gan ni.

Ya ce, "Kun san ni, ba na yabon mutum a gabansa. Yau zan yi. Wata huɗu yaron nan yana cikin laka saboda gawarku da tawa. Ni shaida ne, kuma zan maimaita wannan shaida gobe kiyama: bai nemi komai ba. Ba kuɗi, ba takarda, ba suna. Don Allah kaɗai ya yi."

Ba takarda. Wallahi haka ya ce. Na ji kamar an watsa mini ruwan ƙanƙara a tsakiyar baya. Fom ɗin yana aljihun ƙirjina a lokacin, ina jin kaifin ninkinsa a jikin fatata. Zauren ya ɗauki kabbara. Mutum fiye da ɗari suka ɗaga hannu, tsofaffin mata suna share hawaye da bakin mayafi, ni kuwa ina tsaye ina cewa amin. Na waiga wajen mata, muka haɗa ido da matata. Ita kaɗai ce ba ta sunkuyar da kai ba.

Da aka tashi muka shiga mota, muka hau babban titi. Sannan ta ce, "To, waliyyi, yanzu yaya za a yi da fom?"

Na harzuƙa. Na ce ta bar ni in ji da abin da ke damuna, na ce zan nemi kwas in yi, a bar maganar fom har abada. Na kuwa nema. Waɗanda suka rage a shekarar duk sun faɗo a makonnin da ofis ya ɗora mini zaman sauraron jama'a da ba ni da halin tsallakewa, na samu dai na awa biyu da ƙyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shugabar ofishinmu kuma ta riga ta san da aikin maƙabartar, don ni na ba ta labari da bakina tun a Yuni, har ta leƙo ofishina sau biyu tana tambayar ina fom. Gaba kura, baya sayaki. Ko in rasa takardar da nake ciyar da iyalina da ita, ko in je in gaya wa dattijon da ya yi rantsuwa a kaina cewa tun ranar farko da biyu na zo.

Matata ta ce, "Ka san dai wanne ne zai wuce a cikinsu. Kunya kwana nawa take yi?"

Sai da na ƙara kwashe mako biyu ina jan ƙafa. Ranar wata Asabar da hantsi na tafi Mitchellville. Na same shi shi kaɗai a falo yana yanke farce. Na durƙusa, na gaishe shi, na fito da fom ɗin na ajiye a gabansa kafin zuciyata ta sake shawara. Na faɗa masa komai, tun daga awa takwas har hannuna da ya tafi aljihu ranar fatiha.

Na zo da shirin a ce mini na sayar da lahira da duniya. Baba ya sa tabarau, ya karanta fom ɗin tun daga sama har ƙasa, ya ɗago.

"Wannan ne? Wannan ne ka yi wata biyar kana ɓoyewa?"

Na ce shi ne.

"Kai, amma ka cika sakarai. Ni da na yi shekara talatin ina tara irin awannin nan don kada a karɓe mini lasisi? Har taron da ba na fahimtar komai na zauna saboda su. Da ka fito da ita ranar farko, da na sa hannu kafin shayinka ya huce, mu yi fatiharmu a kai. Wa ya ce maka neman halal yana ɓata lada?"

Na saki baki. Wata biyar ina ɗauke da dutse, ashe ba kowa ya ɗora mini ba. Ya ɗauki biro ya rubuta awa takwas, ya sa hannu, ya sa kwanan wata. Na miƙa hannu biyu zan karɓa, har na fara jero godiya, sai ya dafe takardar da tafinsa.

Ya ce, "Ba wannan ne laifinka ba. Laifinka, kana tsaye ka bar ni na yi shaidar abin da ba haka yake ba, a gaban jama'a, har na ce zan maimaita gobe kiyama. Kana ji, ka ce amin. Shekarata saba'in da huɗu ban taɓa sa hannu a kan abin da ban tabbatar ba, sai kai ka sa ni."

Muryarsa ba ta tashi ba. Ban taɓa jin na ƙasƙanta kamar ranar ba.

Ya ce, "Inda na faɗe ta, nan zan gyara ta. Ranar Lahadin taro. Ga takardarka, ba na riƙe maka ita. In ka ga dama ka zo, in ka ga dama ka zauna a gida."

Na ce, "Baba, a rufa mini asiri."

Ya ce, "Naka asirin a rufe yake, ba sata ka yi ba. Tawa shaidar ce a buɗe."

Ranar Litinin na miƙa fom a ofis. Shugabar ta duba, ta ce madalla, ko minti ɗaya ba a yi ba. Takardata ta tsira. Na koma kujerata na zauna, ban ji daɗin komai ba.

Na yi niyyar ƙin zuwa taron. Har na fara cewa kaina na ciwo, sai na ga matata ta goge mini kaftani ta shimfiɗa a kan gado, ta sa hula a kai. Muka tafi. Na nufi tsohon wurina kusa da kuloli, wani dattijo ya kamo hannuna ya ja ni gaba, yana cewa ina za ka, Injiniya.

Bayan an buɗe da addu'a Baba ya miƙe. Bai ce in tashi ba, amma na tashi.

Ya ce, "Watan jiya na yi muku shaida a kan yaron nan, na ce bai nemi komai ba. Na yi kuskure, ina neman gafarar Allah da taku. Akwai takarda da wurin aikinsa ke bukata, ta awa takwas, kuma da niyyarta ya zo tun farko. Kunya ta hana shi faɗa, ni kuma gaggawa ta hana ni tambaya. Na sa masa hannu a kan awa takwas, haƙƙinsa ne. Sauran wata huɗun da na gan shi a cikin laka, ban san wa ya yi wa ba. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba zan ƙara shiga ba."

Ya zauna. Zauren ya yi tsit, har ana jin ƙarar na'urar ɗumama ɗaki. Na kafa ido a kan kafet, kunnuwana suna zafi, ina jin idon kowa a ƙeyata. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Sai direban nan na Maraɗi ya yi gyaran murya daga tsakiya. Ya ce, "Likita, to addu'ar da munka yi mishi fa? Mi za a yi da ita?"

Baba ya ce, "Ba ni ke rabon lada ba."

Direban ya ce, "To ai an shafa, ta shiga. Ni dai ba ni amsar tawa. Wanga Mai Awa Takwas, ko don takarda ya yi, ni na san inda za a sa ni yanzu."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, sai zauren ya ɗauka, har mata. Ni ban yi dariya ba. Hawaye ne suka zubo mini, a gaban kowa, ni da ko a jana'izar mahaifina sai da na shiga ɗaki sannan na yi kuka. Ba duka ne suka yi dariya ba kuma. Dattijon da ya ja ni gaba bai ƙara miƙo mini hannu biyu ba har yau, ɗaya yake ba ni, kuma ban ga laifinsa ba. Sunan nan na Injiniya da na yi shekaru ina yaƙi da shi ya mutu a ranar. Yanzu ko yaran da ba sa jin Hausa sosai sun iya cewa Mai Awa Takwas.

Maganar Baba ce ta ƙi barina. Ban san wa ya yi wa ba. Na sha zama in lissafa, ko zan gano Asabar ɗin da awa takwas suka cika aikin ya koma wani abu dabam. Ko ranar da na zana wa tsohuwar nan hanyar ruwa ne, ko ranar da muka fara salla a kan kwali, ko kuwa duk kujerar gaba nake yi wa. Ni da aikina ke nan in ja layi in ce daga nan zuwa nan, na kasa ja wa wannan.

A watan Maris aka yi rasuwar farko, wata baiwar Allah da ta zo jinya wurin ɗanta. Ina karin kumallo waya ta yi ƙara, na ga Baba ne.

Ya ce, "Mai Awa Takwas, masu haƙa sun iso, ba su san inda za su fara ba. Ka zo da igiyar awonka."

Na ce ga ni nan. Na sa takalmin roba, na ɗauki igiyar. A bakin ƙofa na shafa aljihun ƙirjina saboda sabo. Makullin mota ne kawai a ciki.